Tef ɗin Baba

Shekara uku na yi ina gaba da santimita biyu. Abin haushin shi ne ba mutum ba ne, balle in tare shi a hanya mu yi ta ta ƙare. Takardar ɗaukar sojoji ta ce mace sai tsawonta ya kai ɗari da sittin da biyu, tef ɗin Baba kuma ya ce ni ɗari da sittin ce cif. Duk shekara in an buɗe ɗauka, sai in cire takalmi in jingina da katakon ƙofar shago, Baba ya ɗora min littafi a ka, ya ja layi da alli, ya auna daga ƙasa zuwa layin. Sai ya mayar da tef ɗin wuyansa ya ce, "Guntuwa, kina nan inda kike." Ni kuma in koma tebur ina huci, in yi ta saran yadi da almakashi kamar shi ya yi min laifi.

Guntuwa ɗin nan tun ina rarrafe ya bi ni, har sunana na gaskiya ya ɓace a ƙarƙashinsa. Ba na jin zafinsa a bakin kowa sai a wannan rana guda ta shekara.

Shagonmu yana kallon ƙofar bariki, titi ne kawai ya raba mu. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da dutsen guga, da fankar da ke juyawa in ta ga dama, sai teburin yanka mai ƙarfen awo na mita ɗaya da aka kafe a bakinsa da ƙusoshi. Baba ya haura shekara talatin yana ɗinka kaki da gyara shi. Daga kurtu har mai anini a kafaɗa, babu mai kiransa da wani suna sai Tela. Kakin da ake raba musu kuwa, Allah na tuba, sai ka rantse a jikin buhu aka gwada shi. Sai ya bi ta hannun Baba yake zama tufar mutum.

Aikinmu a rabe yake: Baba ke awo, ni ke yanka. Zai zagaye mutum da wani tsohon tef ɗinsa na ƙyalle wanda lambobinsa suka fara gogewa, yana kira ina rubutawa, sannan in shimfiɗa yadi a tebur in auna da ƙarfen. Tun ina 'yar shekara goma sha uku ya kafa min doka: tsawon wando a ƙara yatsa ɗaya, hannun riga rabin yatsa, doguwar rigar ruwa mai kaiwa idon sawu yatsa biyu. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka wani sirri ne na sana'a, irin wanda ya sa kakin Baba ya fi na kowa zama a jiki. Hannuna ne ya haddace abin, kaina bai ma san ina yi ba.

Kuma wa zai yi musu da tef ɗin Baba? Wani manjo ya taɓa gwadawa, ya kafe a kan ƙugunsa yana nan yadda yake tun yana saurayi. Baba ya ce to, ya ɗinka masa a kan lambar da ya faɗa da bakinsa. Ranar gwaji sai da aka taimaka masa ya fito daga wandon. Na taɓa sayo masa sabon tef, ya murza shi a hannu ya ce roba ce, ba ta kwanciya a jiki, ya je ya ɗaure labule da shi.

In ka tambaye ni me ya haɗa 'yar tela da son aikin soja, amsar tana da igiya uku a hannun riga, muna kiranta Saje. Shekarar da ruwa ya ci layinmu ina da goma sha biyu, ita kuma igiya ɗaya gare ta. Muna tsaye a kan teburin yanka ni da Umma, ruwa ya kai wa Baba cinya yana fama da kwance kan keke, sai ga wata ƙatuwar motar soja ta tsago ruwan ta tsaya a ƙofa. Direba ya diro, ashe mace ce. Ta cire hula ta kifa min a ka ta ce, "Riƙe min," ta saɓa kan keken a kafaɗa ta fita da shi, ta dawo ta ɗauki na biyu, ta dawo ta ɗauke ni. Gida tara ta kwashe ranar kafin faɗuwar rana. Ni dai tun daga nan ban sake son wani aiki ba. So nake in zama wadda ake hango motarta a ce alhamdu lillahi.

Don haka babu abin da ban yi ba don in ƙara tsawo. Na sha madara har ta fita raina. Na yi tsalle da igiya har maƙwabta suka kawo ƙara. Kullum da safe sai in kama ƙarfen rumfar tsakar gida in yi ta reto, Umma ta wuce da bokiti ta ce, "In kin gama shanya kanki, ki sauko ki shanya min wanki."

Bana kuwa ita ce ta ƙarshe, domin wanda ya wuce shekara ashirin da biyu ba a karɓarsa, ni kuma ina cikin ta ashirin da biyun. Ranar Litinin na karɓo fom, na cike komai na bar gurbi biyu, na tsawo da na sa hannun uba ko uwa. Na cire takalmi na jingina da ƙofa. Ɗari da sittin. Ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu na rana za a rufe karɓa, kuma Saje ta sha gaya min wadda ba ta kai ba tun a bakin ƙofa ake juya ta, a gaban kowa. Na ninke fom ɗin na cusa a ƙarƙashin yadi, na ce shi ke nan.

Akwai wani abu a shagonmu da ba ma maganarsa. Can ƙurya, bayan labule, akwai ƙarfen rataya da kaki goma sha tara a jere, kowanne da 'yar takarda maƙale da fil, suna da kwanan wata. Masu su sun kawo gyara ne ana gab da tura su, suka ce in sun dawo za su karɓa. Wasu iyalansu sun zo sun tafi da nasu. Waɗannan babu wanda ya zo. Farkon kowane wata Baba yakan shiga ya kakkaɓe su ya fito, ranar kuma ba a yi masa wasa.

Ranar Laraba wani kyaftin ya zo karɓar wando. Shi Baba bai auna shi ba. Yana wani gari ya turo lambobinsa ta waya, wani tela ne can ya auna shi. Ya saka ya fito, sai ga bakin wandon ya tattare a kan takalmi. Mutumin kirki ne, dariya ya yi ya ce, "Tela, ko kana sa ran zan ƙara girma ne?" Baba ya durƙusa da fil a baki ya naɗe, yana ba da haƙuri ƙasa-ƙasa. Kyaftin yana fita, Baba ya juyo kaina.

"Wa ya ce ki ƙara?"

"Kai ka ce wando yatsa ɗaya, Baba."

"A awona! A awona na ce! Wannan da tef ɗin wani aka auna shi, lambarsa daidai take. Shekara nawa kina yanka ba ki san amfanin yatsan ba? Tef ɗina ya tsufa ya miƙe, rage lamba yake yi. Duk abin da ya faɗa sai an..."

A nan ya tsaya, kamar wanda ya taka ƙusa. Ni ma ban motsa ba. Fanka kawai ake ji. Ban san wanda ya fara juyawa a cikinmu ba, amma duk mun tsinci kanmu muna kallon katakon ƙofa, inda layin allin ranar Litinin yake nan fari tas.

Na miƙa hannu na ce, "Baba, ara min tef ɗinka."

Tunda nake ban taɓa ganin ya cire shi ya ba wani ba, ko abinci yake ci yana wuyansa. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya zare ya ajiye a tebur, bai ba ni a hannu ba. Na shimfiɗa shi a jikin ƙarfen awo, baki da baki. Inda ƙarfe ya ƙare a ɗari, tef yana casa'in da takwas. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Ɗari da sittin ɗin Baba ɗari da sittin da uku ce, har da 'yar rara.

"Inna lillahi," abin da ya fara fita daga bakina ke nan. Sai kuma zuciya ta taso, ni da ma ba a san ni da haƙuri ba. "Shekara uku, Baba! Shekara uku ina reto a ƙarfe kamar tsumma, unguwa tana yi min dariya, kana kallo! Rigar ruwa ma ka tuna ka ƙara mata yatsa biyu. Ni 'yarka ban kai rigar ruwa ba?"

Bai ɗago ba. Ya ɗauki wandon kyaftin ya soma farke kalmasa. Na ji abin da ke biye a bakina ba irin wanda ake faɗa wa uba ba ne, sai na ajiye almakashi na fice. Har na tsallaka titi haushin kaina nake ji fiye da nasa. Ni da ke ƙara yatsan nan sau goma a rana, ban taɓa tunanin ɗora shi a kaina ba.

Na tarar da Saje a rumfar mai shayi kusa da ƙofar bariki, ta kwance igiyar takalmi tana shan iska. Na zazzage mata komai a tsaye. Na zaci za ta tashi mu je ta yi wa Baba tatas. Sai ta kurɓi shayinta ta ce, "To, yanzu kin rasa wurin ɓuya."

"Ban gane ba, Anti."

"Zauna, tsayuwar ba ta ƙara miki komai, kin riga kin kai." Ta matsa min a benci. "Shekara uku kina son abin da aka kulle miki. Wannan son mai sauƙi ne, kowa ya iya shi. Yau aka buɗe. Yanzu za mu ga ko so ne ko taurin kai."

Raina ya ɓaci, na ce ai ita ta jawo, ita da motarta ranar ruwa.

"Ranar ruwa kika gani. Rana ɗaya ce a cikin shekara goma sha huɗu." Ta zare safa ta nuna min ƙafarta, farcen babban yatsa babu, sauran sun yi baƙi. "Wannan ƙarami ne. Mahaifiyata ta rasu ina kan hanya da kaya, kwana shida kafin labari ya same ni. 'Yata ta shekara biyu tana kiran ƙanwata Mama, ni tana ce min soja. Kuma motar nan da kike so, ba masu rai kaɗai take ɗaukowa ba. Ni ke wanke bayanta."

Har mai shayi ya daina kaɗa cokali.

"In aka mayar da ni baya zan sake shiga," ta ce tana mayar da safa. "Amma wannan ni ce. Ke ba zan ce ki shiga ba, ba zan ce ki fasa ba. Kin taɓa shiga bayan labulen babanki kin tsaya? Ba leƙe ba, tsayuwa. Je ki yi, sannan ki taɓa fom."

Da yamma a gida Umma ta kalli fuskata ta kalli ta Baba, ta biyo ni kicin, ba ta bar ni ba sai da ta tatse labarin tas. Ta jima tana juya cokali a tukunyar da ba ta bukatar juyi, sannan ta ce, "Takardar ta ce uba ko uwa. Kawo in sa miki, in ya so ni da shi mu ƙarata." Idonta ya cika, amma hannunta a miƙe yake. Na ce a'a, wanda ya auna ni shi zai rubuta lambar, shi zai sa hannu.

"In ya ƙi fa? Taurin kan nan naki a wurinsa kika gada, kin sani."

Na ce in zai ƙi, ya ƙi da bakinsa.

Ranar Alhamis na riga Baba zuwa shago. Na buɗe, na share, na goge tebur, da na rasa abin ƙara yi sai na yaye labulen na shiga. Warin kafur da na tsohon yadi suka tare ni. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya ina karantawa a fili. Na huɗu na wani dogo ne mai giɓi da ke kawo min alawa ina ƙarama. Na goma sha ɗaya wandon farko ne da na yanka da hannuna, har yanzu aljihunsa na hagu a ɗan karkace yake. Na goma sha bakwai na mace ne. Na sauke rigar na kara a jikina, kafaɗa daidai, tsawo daidai.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na zauna a kan buhun ƙyallaye da rigar a cinya. Na hango Baba ya shigo nan farkon wata yana kakkaɓe na ashirin. Na ce wa kaina, ke Guntuwa, ga keke ga tebur, ga sana'a a hannunki, babu mai zaginki in kin zauna. Na gwada zaman a raina da gaske: shekara talatin ina yanka wa wasu kaki, ina kallon ƙofar can tana buɗewa motoci suna fita. Lokacin da nake ganin ban kai ba, da na iya. Yanzu da na san na kai, na duba raina ko'ina ban ga inda zan ajiye wannan zaman ba. Tsoron bai tafi ba, na dai gane da shi zan tafi. Na miƙe na mayar da rigar kan hanga.

Ina gyara fil ɗin takardar Baba ya yaye labule.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya." Ya kalli rigar, ya sa hannu ya daidaita mata kwala, ko da yake ba ta karkace ba. "Kafaɗarta talatin da bakwai, irin taki. Cewa ta yi in rage mata ƙugu, bayan wata uku za ta dawo."

Ya zauna a inda na tashi, ya dafa gwiwoyinsa.

"Shekarar farko mantuwa ce, wallahi. Na auna, na faɗi lamba, kika tafi kina kuka. Ina rufe shago na tuna da yatsan. Na buɗe baki zan kira ki, sai na ji wani sanyi a ƙirjina wanda na manta rabon da in ji irinsa. Na yi shiru. Sauran biyun kam da sanina." Ya nuna layin kakin da haɓa. "Duk waɗannan ni na auna su. Na san wuyan kowa, na san ƙugun kowa. Iyayensu ba su san lambobin nan ba, ni na sani. Ba zan iya rataye naki a nan ba, Guntuwa."

Duk faɗan da na zo da shi a baki ya narke. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, na ƙirga su. Goma sha tara. Na karanta kowane suna, kuma ina jin tsoro. Duk da haka ina son in tafi. In za ka hana ni, ka hana ni da bakinka, ka ce ban yarda ba, in ji da kunnena. Kai ubana ne. Amma kada ka sake sa tef ya faɗa maka."

"In na ce ban yarda ba, za ki zauna?"

"Zan zauna. Umma ta ce za ta sa min hannu, na ƙi. Sai dai kullum ka ɗaga kai daga keke, ɗari da sittin da uku za ka gani a bakin tebur."

Ya tashi ya fita ya zauna a kekensa. Na ciro fom daga ƙarƙashin yadi, na warware ninkin, na ajiye a gefensa na danne da gwangwanin fil. Wuni muka yi muna aiki, yana kiran lamba ina ƙara yatsa, babu wanda ya kalli takardar.

Juma'a ƙarfe tara, yana liƙa igiyar muƙami a hannun riga. Ƙarfe goma, yana guga. Ta ƙofa ina hango layin masu kai fom yana raguwa a bakin bariki, 'yan mata da samari da fayil rungume a ƙirji. Sha ɗaya Umma ta zo, wai ruwan sanyi ta kawo mana, matar da shekara biyar rabonta da shago. Na ga kan biro yana leƙowa daga jakarta, na girgiza mata kai. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi, tana hararar ƙeyar Baba. Ni kuwa na ɓata yadin mutane, na yanka hannun hagu sau biyu. Amma ban sake yi masa maganar fom ba. Na faɗi tawa jiya.

Sha biyu saura minti ashirin ya tsayar da keke. Ya yanke zare da haƙori ya ce, "Cire takalmi."

Na jingina da katako. Ya goge tsohon layin da babban yatsa, ya ɗora littafi, ya ja sabo, a daidai inda na da yake. Ya auna da tsohon tef ɗinsa kamar kullum, ya dafe inda ya tsaya, sannan ya jera yatsu biyu a gaban lambar ya duba.

"Ɗari da sittin da uku," ya ce da ƙarfi, yadda yake kira min awon kowa. "Rubuta. A'a, kawo."

Shi ya rubuta a gurbin, lamba bayan lamba, yana danna biro har ya kusa huda takarda, ya sa hannu a ƙasa. Biron Umma ne. Ya miƙo min bai kalle ni ba.

"Kin tsaya kallona? Gudu!"

Na tsallaka titi da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Saje tana bakin ƙofa tana duba agogo. Ta kalli fom ta kalle ni ta ce, "Kin shiga bayan labulen?" Na ce na shiga. Ta ce, "To, daga yau babu Anti. Sa takalminki." Ranar tantancewa ma'auninsu na ƙarfe ya ce ɗari da sittin da uku, bai ƙara ba bai rage ba.

Horon ba zan ba da labarinsa ba. Ya isa in ce farce biyu na baro a can, kuma akwai ranakun da na zagi ruwan da ya ci layinmu da motar da ta zo kwashe mu. Amma ko sau ɗaya ban nemi hanyar gida ba. Na fito direba. Aka ba mu kwana uku kafin a tura mu, aka raba mana kaki uku-uku, irin na buhun nan. Na rungumo nawa na tsallaka titi. Shago cike da mutane, Baba yana yanka da kansa, tabarau a karan hanci. Na zube kayan a tebur.

"Tela," na ce, ina tsokanarsa, "a rage ƙugu da tsawo. Jibi zan zo in karɓa."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya tattara kayan ya mayar min a hannu.

"Ba a ajiye naki a shagon nan. Shiga ki saka."

Ya ba kowa haƙuri, har da wani mai anini biyu, ya ce su dawo gobe. Ɗaya bayan ɗaya na saka na tsaya, ya kafa fil, na cire, ya ɗinka ina zaune a gabansa, ya goge, ya ninke, ya ɗora min a cinya. Tun hantsi har rana ta yi sanyi, ko ruwa bai sha ba. Na ukun ya ce in bar shi a jikina. Ya duba kan tebur, ya duba ƙarƙashin keke, ya duba hanga. Sai ya durƙusa ya tsince guntayen da ya yanke daga bakin wandunan, har da zaren da ya farke, ya dunƙule su ya cusa min a aljihun ƙirji, ya rufe maɓallin da hannunsa.

"Tafi da abinki duka," ya ce.

Sai da na kai ƙofar bariki na waiwaya. Yana tsaye a bakin shago, tef a wuya, ya dafa katakon ƙofa daidai wurin layin alli.